Kwana uku a Andalus: Granada ko Kordoba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je wani taro a Madrid ƙarshen watan Oktoba, kuma bayan an tashi ina da rarar kwana uku kafin jirgina na dawowa gida. Ina son in ga wani abu na Andalus ɗin nan da muka daɗe muna ji a bakin malamai. Wasu sun ce in je Kordoba, wasu sun ce Granada, wani ma ya ce in haɗa har da Sevilla. Ina zan nufa, kuma me ya kamata in gani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya kai ka lafiya. Granada za ka nufa, ka kwana biyu a can, sannan ka ba Kordoba yini guda a hanyarka ta komawa Madrid. Sevilla kuwa ka bar ta sai wani jiƙon. Duk ayarin da na raka aka cusa garuruwan nan uku cikin kwana uku, hotuna da ciwon ƙafa kawai suka dawo da su, in ka tambaye su wane gini ne a wane gari sai su yi ta sosa ƙeya.

Na fifita Granada ne saboda a Kordoba babban abin gani ɗaya ne, masallacin, kuma awa biyu zuwa uku sun ishe ka. Ita kuwa Granada, wadda littattafanmu ke kira Garnaɗa, ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar Sifaniya. Muhammad ɗan Ahmar ya shige ta a 1238, zuriyarsa ta Banu Nasr ta riƙe ta har 2 ga Janairu 1492. Da yake da yarjejeniya aka miƙa garin, ba da wuta aka ci shi ba, fadar sarakunansa ta tsira. Da wuya ka sami wata fadar sarakunan Musulmi ta wancan zamani, ko a Masar ko a Iraƙi, da ta rage a tsaye kamar Alhambra.

Kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa, kafin ka kama masauki, ka fara sayen tikitin Alhambra ta intanet, yau ɗin nan in da hali. Ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, kuma tikitin kan ƙare tun da sauran makonni. Ka saya a shafin hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife, kuɗinsa wajen Yuro 20 ne da 'yan kai. Akwai shafuka masu kama da na hukuma da ke ninka kuɗin, ka lura. Ka tabbata tikitin da ka zaɓa ya ƙunshi Palacios Nazaríes, wato fadojin Banu Nasr, domin akwai mai rahusa na lambuna kaɗai, kuma na sha ganin mutum ya zo tun daga wata uwa duniya da shi a hannu, aka tsayar da shi a bakin ƙofa. Da sunanka da lambar fasfonka ake fitar da tikitin, saboda haka ka riƙo fasfon kansa ranar shiga. Sannan an rubuta lokacin shiga fadojin a jikinsa. In ka makara, ka yi asara, babu magiya babu "don Allah". Ranar da ka samu ita za ta tsara maka sauran tafiyar. In rana ta uku kaɗai ta rage, sai ka juya tsarin, ka fara da Kordoba.

Zuwan ba wuya. Daga tashar Atocha a Madrid akwai jirgin ƙasa mai saurin gudu da ke zuwa Granada tun 2019, tafiyar awa uku da rabi ce ko ƙasa da haka kaɗan, kuma ta Kordoba yake bi. Ana saka kaya a na'urar bincike kafin a hau, don haka ka isa da wuri. Babbar akwatinka ka bar ta ajiya a otal ɗin Madrid, ka ɗauki ƙaramar jaka. Ka sa rigar sanyi a ciki. Granada tana kan tudu, sama da mita 700 daga teku, a gindin duwatsun Sierra Nevada, kuma a ƙarshen Oktoba rana kan yi daɗi amma safiya da dare akwai sanyi mai shiga ƙashi. Takalmi kuma mai laushi wanda ƙafarka ta saba da shi, domin hanyoyin tsohon garin duk daɓen ƙananan duwatsu ne, ga hawa ga gangara.

Yinin farko, da ka ajiye jaka, ka zaga ƙasan gari, wajen babbar majami'a. Yawancin baƙi wucewa suke yi ba su san abin da suke takawa ba. A nan babban masallacin Juma'a yake a da, cocin Sagrario ne yanzu a kan filinsa. Daura da shi akwai Madraza, makarantar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1349. Fuskar ginin ta waje ta zamanin baya ce, amma in ka shiga za ka tarar da ɗan ɗakin salla da mihrabinsa. Jami'ar Granada ke riƙe da wurin yanzu. Ka tsaya a nan ka ɗan yi tunani, Malam, domin garin nan ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka yi ta haddacewa, Ibn Asim ne ya tsara ta, alƙalin alƙalan Granada, wanda ya rasu a 1426. Shaɗibi mai Muwafaƙat a nan ya yi rayuwarsa har ya rasu a 1388. Shi ma Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa da azumi, ya taɓa riƙe alƙalancin garin na ɗan lokaci.

'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na 14: ƙofa ɗaya babba, tsakar gida da wurin shayar da dabbobi, ɗakuna hawa-hawa kewaye da ita. Minti goma sun isa. Kasuwar Alcaicería, inda ake cinikin alharini a da, gobara ta cinye ta a 1843, abin da ke wurin yanzu kwaikwayo ne cike da tsarabar 'yan yawon buɗe ido, ka ratsa ta kawai ka fita dandalin Bib-Rambla. A wannan dandali ne aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta bisa umarnin Kadinal Cisneros, wani babban limamin Katolika, 'yan shekaru bayan miƙa garin, alhali yarjejeniyar 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin barin su da addininsu da masallatansu da alƙalansu. Daga 1499 aka fara tilasta musu shiga Kiristanci, suka yi bore a duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu daga Sifaniya baki ɗaya, wajen mutum 300,000. Yahudawa tun a 1492 ɗin aka kore su. Ina ba ka shawara ka shiga Capilla Real ma, inda aka binne Ferdinand da Isabella, sarki da sarauniyar Kiristoci da aka miƙa wa garin. Wasu 'yan'uwa kan ƙi shiga don haushi. Ni ina ganin wanda ya zo neman tarihi ya kamata ya ga yadda waɗanda suka yi nasara suka ɗauki ranar miƙa garin, har suka zaɓi a binne su a nan maimakon Toledo ko wani babban birninsu.

A kewayen majami'ar akwai mata masu miƙa wa mutum ɗan reshen ganye kamar kyauta. Kada ka karɓa. Da ka karɓa za a kama hannunka a yi maka duba, sannan a nemi kuɗi.

Yini na biyu na Alhambra ne, kuma ka ba shi aƙalla awa huɗu. Daga tsakiyar Oktoba ƙarfe 6 na yamma ake rufewa, saboda haka lokacin safe ya fi. Ƙananan bas masu lamba C30 da C32 suna hawa daga tsakiyar gari, amma in gwiwarka da ƙarfi ka taka daga Plaza Nueva, ka bi Cuesta de Gomérez cikin inuwar itatuwa. Mai tikiti a hannu ba sai ya zagaya babbar mashiga ba, wadda ke da tafiyar kusan minti ashirin zuwa fadojin. Ka shiga ta Puerta de la Justicia, wato Babus Shari'a, da Yusuf na Ɗaya ya gina a 1348. Ka ɗaga kai ka ga tafin hannu da aka sassaƙa a bakan waje, da mabuɗi a na ciki. Ka lura kuma da yadda hanyar ke lanƙwasa a cikin ƙofar. Haka za ka yi ta gani har cikin fada: ba a shiga kai tsaye, sai an karkata, kamar yadda zaure da shigifa ke hana baƙo hango tsakar gida a gidajenmu na gargajiya.

Ga inda ka fi yawancin waɗanda za ka tsaya layi da su. Bangon fadojin nan cike yake da rubutu, daga tsayin ƙirji har rufi, kuma galibin masu ziyara ado kawai suke gani. Kai da ka yi allo za ka iya karantawa. Abin da za ka fi cin karo da shi shi ne taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi ba adadi, a filasta, a katako, a tayil. Akwai ayoyi, akwai addu'o'i gajeru irin su baraka da afiya da ni'ima, akwai kuma waƙoƙi cikakku na waziran fada uku, Ibn Jayyab da Ibn Khaɗib da Ibn Zamrak, waɗanda aka tsara su musamman don bangon da suke kai, har a wasu wurare ɗakin ne ko tagar ke magana da bakinta. Rubutun Kufi mai sarƙaƙiya zai ba ka wuya, amma na gangare a fili yake. Saboda haka kada ka bi rububin jama'a. Ka bari ayarin da kuka shiga tare ya yi gaba, ba wanda zai kore ka.

Bayan Mexuar, inda ake zaman shawara da sauraron ƙara, za ka fito tsakar gidan Comares mai dogon kwarmin ruwa, wanda hasumiya ke kallon kanta a ciki. Cikin hasumiyar ne zauren karɓar jakadu yake, kuma a ganina nan ne zuciyar wurin duka. Rufinsa na katako ne, an harhaɗa guntaye sama da 8,000 aka fitar da taurari sahu-sahu. Ƙasa da rufin an zagaye ɗakin da Suratul Mulk. In ka tuna ayar da ke cewa shi ne ya halicci sammai bakwai hawa-hawa, sai ka ƙirga sahun taurarin, ka ga abin da maginin yake nufi. Sarki na zaune a ƙasa yana karɓar jakadun Kastila, daular Kiristoci maƙwabciyarsa, a bisa kansa kuma an rubuta cewa mulki a hannun wani yake.

Daga nan sai fadar Zakuna ta Muhammad na Biyar: zakuna 12 na marmara ɗauke da kwanon ruwa, ginshiƙai sirara 124 kewaye da su, hanyoyin ruwa huɗu suna fita zuwa ɗakuna huɗu. Waƙar Ibn Zamrak ce a bakin kwanon. Ka shiga ɗakin Dos Hermanas da na Abencerrajes ka kalli ƙubbobinsu, waɗanda aka yi da dubban 'yan ƙananan gurabe na filasta masu saukowa ƙasa. Abin mamaki shi ne kayan aikin ba masu tsada ba ne, ƙasa ce da filasta da katako da tayil. Daular ƙarama ce, mai biyan haraji ga maƙwabta, gwaninta ta sa a inda dukiya ta gaza. Masu yi wa baƙi jagora za su nuna maka jan tabo a kwanon ruwan Abencerrajes su ce jinin mutanen Banu Sarraj ne da aka yanka a nan. Tsatsar ƙarfe ce a jikin marmara. Haka labarin da kowa ke kawowa, wai mahaifiyar sarki na ƙarshe ta ce masa ya yi kuka irin na mata kan abin da ya kasa karewa irin na maza: a rubuce-rubucen Kiristocin Sifaniya na bayan faɗuwar garin aka fara ganinsa.

Tarihin gaskiya ya fi tatsuniyar ɗaci, kuma ina so ka shiga da shi a ranka, domin mu mun saba jin labarin Andalus kamar wata aljanna da aka zo dare ɗaya aka ƙwace. Wanda ya kafa daular da kansa ya yi mubaya'a ga Sarkin Kastila Ferdinand na Uku a 1246, ya kuma ba shi dakaru lokacin da ya kewaye Sevilla, garin Musulmi, har ta faɗi a 1248. Yusuf na Ɗaya, mai zauren Suratul Mulk, wuƙa aka daɓa masa yana sallar Idi a 1354. Ɗansa Muhammad na Biyar ɗan'uwansa ne ya tumɓuke shi a 1359, sai da ya yi gudun hijira a Fas kafin ya dawo a 1362. Ibn Khaɗib an shaƙe shi a kurkuku a Fas, kuma da hannun almajirinsa Ibn Zamrak a cikin farautarsa, shi ma Ibn Zamrak daga baya aka bi shi har gida aka kashe. A shekaru goma na ƙarshe, lokacin da rundunar Kastila da Aragon ke cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, Sarki Abul Hasan da ɗansa Abu Abdullahi da Zagal, ƙanen Abul Hasan ɗin, yaƙin gadon sarauta suke yi da juna. Duk a ƙarƙashin wannan take da ke jikin bango.

Katafaren ginin dutse da za ka gani a tsakiyar wurin, mai zagayayyen fili a ciki, fadar Sarkin Sifaniya Carlos na Biyar ce da aka fara a 1527. Akwai gidan kayan tarihin Alhambra a ƙasansa, ya cancanci rabin awa. Ka hau Alcazaba, tsohuwar ganuwar soja, don hangen gari, sannan ka ƙare da Generalife, gidan hutun sarakuna da lambunansa. A can ka kula da ruwa. Tudun nan ba shi da ruwan kansa. Tun zamanin sarki na farko aka tare kogin Darro wajen kilomita 6 daga sama, aka jawo shi ta hanyar ruwa da ke bin gefen dutse a hankali, har ya iso saman lambunan ya gangaro cikin fada. Akwai wata matakala da ruwa ke gudana a kan hannuwanta biyu, ka neme ta.

Da la'asar ka tsallaka zuwa Albaicín, tsohuwar unguwar da ke fuskantar Alhambra. Kowa dandalin hange na Mirador de San Nicolás yake nufa don faɗuwar rana, wurin kan cika maƙil da masu kiɗa da masu hoto, kuma a irin wannan cunkoso ne 'yan sane ke aiki. Dab da shi akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003. Lambunsa na kallon abin da dandalin ke kallo, ba hayaniya, ga wurin alwala. Masu salla a nan galibi 'yan Maroko ne da Sifaniyawan da suka musulunta, Malikawa ne, ba za ka ji baƙunta ba. In yininka ya faɗo Juma'a, ka nemi tikitin Alhambra na sassafe don ka samu salla a nan. A unguwar kuma ka duba hasumiyar cocin San José, wadda hasumiyar kiran salla ce ta ƙarni na 11 aka ɗora mata ƙararrawa, da harabar cocin El Salvador da ta rage daga babban masallacin unguwar.

Daga garin nan mutum biyu suka fito da ƙasashenmu suka san da su. Abu Ishaƙ Sahili, mawaƙi kuma masanin gini, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Timbuktu a 1346. Hasan Wazzan kuma, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Granada aka haife shi, iyayensa suka yi hijira da shi Fas, kuma littafinsa da aka buga a Venice a 1550 yana cikin na farko da suka kai wa Turai labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Batun abinci, ka yi hattara. Naman alade ya ratsa girkin Sifaniya, har inda ba ka zato. Ka riƙe kalmomin nan: cerdo, jamón, chorizo, tocino, da manteca, wanda kitsen alade ne da ake sawa a wasu kayan fulawa. A Granada al'ada ce in ka sayi abin sha, ko lemo ne, a kawo maka ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa da alade a ciki, sai ka ce "sin cerdo" tun kafin a kawo. Mafi sauƙi ka nufi titin Calderería Nueva da na Elvira, inda gidajen abinci da shayi na 'yan Maroko da Siriya suke jere. Ka sani kuma ba a cin abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare sai 8:30 ko 9.

Rana ta uku ka kama jirgin safe zuwa Kordoba, tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko sama da haka kaɗan. Abdurrahman Dakhil, wanda ya kafa mulkin Banu Umayya a Andalus, ya fara masallacin wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa waziri Mansur a ƙarshen ƙarni na 10. Ginshiƙai sama da 850 ne suka rage, da bakuna biyu-biyu, ɗaya bisa ɗaya, ja da fari. Ka wuce kai tsaye zuwa mihrabin Hakam na Biyu tun kafin jama'a su taru. Ƙananan duwatsun ado masu ruwan zinariya da ke jikinsa, daga Sarkin Rum na Kustantiniya aka aiko da su tare da gwanin da zai jera su. In ka duba alƙibla a wayarka za ka ga mihrabin ya karkata kudu sosai fiye da inda wayar ke nunawa, haka aka gina shi tun farko. A tsakiyar ginin akwai majami'a sukutum da aka fara ginawa a 1523, kuma tun da garin ya faɗi a 1236 wurin yana hannun Cocin Katolika. Ba a yarda a yi salla a ciki ba. Masu gadi na lura, ko tsayuwa mai kama da kabbara suka gani za su matso. Kada ka gwada, kai baƙo ne mai bizar 'yan kwanaki. Akwai ƙaramin masallaci a cikin lambun Plaza de Colón, a kan hanyarka ta komawa tasha.

In lokaci ya rage, ka taka gadar Rumawa a kan kogin Guadalquivir, ka ratsa tsohuwar unguwar Yahudawa, ka ga mutum-mutumin Ibn Rushd a gefen ganuwa. Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina, tana da nisan kilomita 8 daga gari, rabin yini take ci, ba ta buɗewa ranar Litinin, kuma ba za ta shiga wannan tafiyar ba. Daga Kordoba zuwa Madrid bai kai awa biyu ba. Ka sayi tikitin jirgin yamma tun da wuri, amma kada ka zaɓi na ƙarshe a daren, tunda washegari jirgin sama ke jiran ka.